Daga Kakalaba zuwa ambaliya: abin da fari ya koya wa Magarya da Dungas

Ƙasar Magarya da Dungas na daga cikin wuraren da ruwan sama ya fi sauka a duk faɗin jahar Damagaram. Duk da haka, tun shigowar Nasara zuwa yau, babu wata tsara ta mutanen wannan ƙasa da ba ta ga rumbu wayam da idonta ba. Mun bi sawun waɗannan shekaru na wahala domin mu ga abin da ke mai da ƙarancin ruwa ya zama yunwa, da kuma abin da ke tare shi kafin ya kai can.

Duk wanda ya tashi daga birnin Damagaram cikin watan Satumba ya miƙe hanyar kudu, ya ratsa kwarin Korama, ya wuce Bande har ya shiga Magarya, zai iya rantsuwa cewa yunwa ba ta san hanyar wannan ƙasa ba. Hatsi ya fi mahayin doki tsawo, wake ya shimfiɗa a ƙarƙashinsa, rake ya cika fadamu, ga itatuwan gawo tsaye birjik cikin gonaki babu ganye. Amma in baƙon ya sauka ya zauna da dattawa, ya tambaye su shekarun haihuwa da na aure, zai ji ana lissafi da sunayen yunwa: wane an haife shi bayan Muda, wance an kai ta ɗaki shekarar El Buhari. Mutanen da ke ƙidayar shekaru da yunwa ba su mance da ita ba, kuma bai kamata mu da ke zaune cikin ofis ko bakin kanti mu mance ba.

Ƙasa mai ruwa, mai jama'a

Gundumomin nan biyu a da gunduma guda ce, sai a shekarar 2011 aka yanke Dungas daga jikin Magarya. Suna kwance ne a kan iyakar Tarayyar Najeriya, daura da jihohin Katsina da Jigawa. Galibin ƙasar rairayi ne, mai sauƙin noma da hauya amma mai saurin sakin laima. Arzikinta na biyu yana cikin kwaruruka: Korama da rassanta, da fadamun Waca da Guci inda ake cim ma ruwa ba tare da haƙa mai zurfi ba. A shekarun 1950 da farkon na 1960, ruwan da ke sauka a Magarya tsakanin Yuni da Satumba yakan zarce milimita 600, abin da manomin Tanut ba ya ko mafarkinsa.

Wannan albarka ita ta tara jama'a. Ƙidayar 2001 ta sami kusan mutum rabin miliyan a tsohuwar gundumar Magarya, ta 2012 kuwa ta sami sama da mutum 930,000 a Magarya da Dungas in an haɗa. A wurare da dama mutum fiye da ɗari ne ke zaune cikin murabba'in kilomita guda. Dajin da kakanni ke sara in gona ta gaji ya ƙare tuntuni, hutun gona ya zama labari, gandun gida ya tsattsage wajen rabon gado. Ma'anar wannan ita ce, raunin damanar da a da daji da tsohon rumbu ke shanyewa, yau kai tsaye yake faɗawa cikin tukunya.

Abu na uku da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne iyaka. Kano ta fi kusa da Magarya nesa ba kusa ba bisa ga Yamai. Ta Tinkim da Babban Mutum, ko ta kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, bisashe da wake da riɗi ke gangarawa kudu, masara da dawa da garin rogo su hauro arewa. Matasa kuma can suke zuwa cin rani. Rabin numfashin wannan ƙasa ta iyaka take shaƙarsa.

Fari ba iri ɗaya ba ne

Ma'aikacin da ke duba jimillar ruwan shekara a takarda yana iya ruɗuwa, domin hatsi ba jimilla yake sha ba. Akwai farin farko, inda ruwan shuka ke makara, ko ya sauka sau ɗaya a watan bakwai na manoma, a zuba iri, sa'an nan sama ta ɗauke kwana ashirin, iskar gabas ta taso da rairayi ta binne tsiron ko ta ƙone shi. Manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku, har irin ya ƙare ya koma ga na ci. Akwai farin tsakiya, wanda ke kama hatsi yana shirin ɗaukar ciki. Sai na ƙarshe, wanda ya fi cin rai: gona ta yi kyau, zangarniya ta fito, ruwa ya janye a farkon Satumba kafin ƙwaya ta cika, a girbe kara da ƙaiƙayi. Bayan fari kuma abokan tafiyarsa kan biyo: fara, da ɓeraye, da tsutsar zangarniya wadda manoma ke kira murzuna, wadda ta zama babbar annoba tun bayan farin farkon shekarun 1970.

Kakalaba da ƙannenta

Babbar yunwar da tarihin baka ya fi riƙewa a gabashin ƙasar Hausa ita ce Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Damanar 1913 ta gaza tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi, bayan wasu shekaru da su ma ba su cika ba. A lokacin ba a daɗe da shata iyakar da ta raba ƙasar Magarya da ƴan uwanta na Daura ba, Damagaram kuwa ita ce hedkwatar mulkin Faransa a wannan ƙasa. Jama'a suka yi ta kwarara kudu, wasu suka faɗi a hanya, ma'aikatan Ingila na Kano suka rubuta labarin ayarin mayunwata da ke shigowa daga ƙasar Faransa. An ci ƙarangiya, an jiƙa anza, an tona gidajen tururuwa domin ƴar ƙwayar da suka tara. Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne, ba a daina neman lanho ba, kuma jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya riga ya ja hankalin manoman can ga gyaɗa, sabili da haka hatsin da ake sa ran samu a kudu shi ma ya yi ƙaranci.

Bayanta an yi Mai Buhu a 1927. A 1931 fara ta cinye amfanin gona, yunwa ta yi ɓarna mai tsanani musamman a yammacin Nijar. Daga nan ne Nasara ya ƙarfafa dokar rumbun tsimi, inda aka tilasta wa kowane gari ajiye wani kaso na hatsinsa, ba a buɗewa sai da izinin kwamanda. Tunanin ba laifi, amma yadda aka gudanar da shi, da bulala da tara da hannun masu tsaron rumbun, ya sa talakawa suka tsane shi, aka yi watsi da shi dab da samun mulkin kai. A farkon shekarun 1940 kuma, lokacin da Nijar ke hannun gwamnatin Bishi ta Faransa, Najeriya na hannun Ingila, aka tsaurara iyaka saboda yaƙi, ga karɓar hatsi da bisashe da ƙarfi, aka sake shiga matsi.

Akwai kuma wadda ya kamata a tuna da ita musamman a yau, wato Muda ta 1953 zuwa 1954. Wannan ba rashin ruwa ya kawo ta ba, yawansa ne. Damanar 1953 ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, ciyawa ta fi ƙarfin hauya, gonakin kwari suka nutse, hatsi ya ruɓe a tsaye, farashi ya tashi a kasuwannin arewacin ƙasar Hausa. Ashe tun kakanni an san cewa sama na iya kashe gona ta hanya biyu.

Zamanin gyaɗa da faɗuwarsa

Shekarun 1950 zuwa tsakiyar na 1960 shekaru ne na ruwa, kuma su ne zamanin gyaɗa, wadda wasunmu ke kira gujiya. Magarya da Matamai da Maraɗi su ne zuciyar wannan noma, wanda a lokacin yake kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu a kasuwannin waje. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta, daga baya aka gina masana'antar matse mai ta SEPANI a garin Magarya. Da kuɗin gyaɗa ake biyan lanho, a yi aure, a sayi keke da rediyo. Sai dai kowace gonar gyaɗa gonar hatsi ce da aka rage, kuma domin faɗaɗa noma aka sassabe itatuwa, har ana yaba wa manomin da gonarsa ta fita tas babu ko kututture.

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. Damanar 1972 ta yi rauni, ta 1973 ta fi ta muni. Makiyayan arewa suka gangaro da ragowar garkensu, suka ratsa Magarya da Dungas suna neman ciyawa, saniya ta koma ba ta sayen buhun hatsi. Kamfanin OPVN da aka kafa a 1970 domin ajiyar cimaka bai da abin da zai ishi ƙasa, taimakon ƙasashen waje kuma da ya iso, zargin karkatar da shi ya cika gari. Wannan zargi na cikin manyan dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974, sa'ad da Laftanan Kanar Seini Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani. Fari ya ci gona, ya ci garke, ya ci gwamnati.

A 1975, ana murnar ruwa ya ɗan dawo, sai darɓa ta sauka a gonakin gyaɗa ta yaɗa cutar kuturta daga arewacin Najeriya har kudancin Nijar. Daga wannan duka gyaɗa ba ta sake komawa matsayinta ba. Wake ne ya gaje ta, kasuwarsa kuwa Najeriya. Wato tun daga lokacin, aljihun manomin Magarya ya ƙara ɗauruwa da Naira da kuma ƙofar iyaka. A wannan tsakani ne ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari a 1973, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai a 1974, mai bin diddigin ruwan sama da amfanin gona.

El Buhari: ranar da ƙofa ta rufe

Shekarar 1984 ita ce ma'aunin da har yau ake gwada kowace mummunar damana da shi. Ruwan da ya sauka a wannan shekara na cikin mafi ƙaranci da aka taɓa aunawa a Sahel. A gonaki da yawa ko karan kirki ba a samu ba. Amma a lura da sunan da talakawa suka ba wannan yunwa: ba su kira ta da sunan rana ko iska ba, sai suka ce El Buhari, wato ƴar Buhari. Dalili kuwa, a watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canza takardun Naira ta kuma rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a sake buɗe su ba sai a watan Maris na 1986, zamanin Janar Babangida. A tsakani, cikin 1985, aka kori baƙi marasa takardu, kamar yadda aka yi a 1983.

Duk hanyoyin da mutumin Dungas ya saba bi in damana ta ƙi, a lokaci guda suka toshe. Ba ya iya kai akuyarsa Maigatari a fili, ba ya iya sayo dawa sai ta ɓarauniyar hanya da tsadar fataucin dare, ɗansa da ke cin rani a Kano an koro shi hannu sake, ƴan Nairorin da ya ɓoye cikin tukunya kuma sun zama takarda. Garuruwa suka watse, mata da yara suka cika bakin Damagaram suna jiran jar dawar Amurka. Sunan nan da talaka ya raɗa hukunci ne na masana: sama ce ta fara, amma rufe ƙofa ne ya ƙarasa.

Daga cikin wannan wahala abubuwa biyu suka fito. Gwamnatin Kunce ta yi kiran noman rani, kuma babu inda kiran ya sami ƙasa kamar kwarin Korama da fadamun kudu, inda aka haƙa rijiyoyi aka dasa rogo, dankali, kabewa, tumatir da albasa a gefen rake. Na biyu, taron Maraɗi na watan Mayun 1984 ya ɗora yaƙi da hamada a kan kowa. A 1989 kuma aka kafa tsarin gargaɗin gaggawa, domin kada a sake cewa yunwa ta zo ba sallama.

Me ya janye ruwan?

An daɗe ana ɗora laifin farin nan a kan manomi da makiyayi, wai su suka sare daji suka kori hadari. Binciken masana na baya-bayan nan ya nuna cewa babban dalilin yana can cikin teku. Damanarmu iska ce mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika ta hauro arewa. Idan ruwan tekun na arewa ya yi sanyi bisa ga na kudu, tekun Indiya kuma ya yi ɗumi, wannan iska ba ta hawa da nisa. Haka ta faru a shekarun 1970 da 1980, har layin ruwan sama ya ja baya zuwa kudu da fiye da kilomita 100, Magarya ta koma tana samun irin ruwan da garuruwan arewa da ita suka saba samu. Tafkin Cadi, mai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka. Sare itace bai kori hadari ba, amma ya tuɓe wa gona rigarta a daidai lokacin da ta fi bukatarta.

Gawo ya dawo

Wannan darasi manoman Magarya da Matamai da Mirya sun ɗauke shi ba tare da jiran kowa ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 suka fara barin tsiron gawo da ke fitowa da kansa cikin gona, suna rage masa rassa, suna kare shi daga gatari da baki. Sirrin gawo sananne ne ga kowane manomi: yana zubar da ganyensa da damana, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki, yana yin ganye da ƴaƴa da rani, lokacin da bisashe ba su da abin ci, su taru a inuwarsa su bar kashinsu a wurin, saiwarsa na nutsawa can ƙasa, ba ta rabon ruwa da shuka. Itatuwan in sun yi yawa suna karya ƙarfin iskar da ke binne tsiro. Ba sabon ilimi ba ne: har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya tanada wa mai saran gawo.

Wani bincike da masanin Nijar Mahaman Larwanu da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya kiyasta cewa wannan farfaɗowa ta shafi kimanin hekta miliyan guda a gundumomin nan uku. A ƙasa baki ɗaya ana maganar hekta miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan 200. Hotunan sama sun nuna garuruwan da itatuwansu suka fi na 1975 yawa ninki-ba-ninki, alhali jama'arsu ta ƙaru. Abin da ya taimaka shi ne sassaucin da aka samu a dokar daji: muddin manomi na ganin icen gonarsa na gwamnati ne, kuma zai sha tara in ya taɓa shi, gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Dokar karkara ta 1993, da dokar daji ta 2004, da kuma dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙin icen da ya rena, su suka juya wannan lissafi. A shekarar da hatsi ya ƙi, mai gawo na da itacen sayarwa da abincin akuya. Wanda bai da shi sai ya kama hanya.

Yunwa a gaban buhuna

Ruwa ya ɗan dawo tun shekarun 1990, amma wahala ba ta tafi ba, ta dai sake kama. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta taɓa arewa, aka kiyasta giɓin cimaka na ƙasa da ton 223,000, abin da bai kai kashi goma cikin ɗari na bukata ba. Amma a wannan shekara hatsi ya yi tsada a Najeriya, sai buhuna suka juya suka nufi kasuwar Dawanau ta Kano maimakon su hauro, wasu ƙasashe maƙwabta kuma suka hana fitar da nasu. Kafin watan Yulin 2005 buhun hatsi ya doshi jikka 30 a wasu kasuwanni, farashin bisashe kuwa ya faɗi. Hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Shugaba Tanja Mamadu ya ce babu yunwa a ƙasa, alhali ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara, galibinsu a kudancin Maraɗi da Damagaram, wato cikin rumbun ƙasa. Tun lokacin ne ƙungiyar ta kama aiki a Magarya.

Damanar 2009 ma ta gaza. A wannan karo, bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, hukumomin Salu Jibo suka fito fili suka ce kusan rabin al'ummar ƙasa na cikin ƙarancin cimaka, taimako ya fi saurin isowa. Faɗin gaskiya da wuri shi ma rumbu ne.

Sai abin da ya faru a 2018. A watan Satumba na wannan shekara MSF ta sanar cewa yara sama da 700 ne ke kwance a sashen yara na asibitin Magarya, kuma cikin kwanaki talatin ana rasa kimanin yaro goma kowace rana. Masassarar cizon sauro ce ta haɗu da tamowa a daidai tsakiyar damana, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Gona kore shar, yaro na ramewa. Duk wanda ke auna lafiyar wannan ƙasa da tsawon kara kaɗai, to bai leƙa ɗakin yara ba.

Jikokin Muda

Yanzu kuma sama ta sake salo. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun farkon shekarun 1980, kuma masana na danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Ruwan da a da ke rabuwa cikin mako uku yana iya sauka cikin dare guda, sa'an nan a yi kwanaki ba ɗigo. Fari da ambaliya sun koma suna kwana cikin damana ɗaya. An ga haka a 2020 da 2022, sai 2024 ta zo ta shafe su: mutum sama da 300 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan guda suka yi asara, tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe ranar 3 ga Satumba, aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Ga mai gidan ƙasa da rumbun kara da gonar kwari, irin wannan ruwa da fari duk kanwar ja ce.

Ƙofar kudu ma ba ta daina rufuwa ba. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 sabili da takunkumin CEDEAO. Duk lokacin da haka ta faru, ko Naira ta faɗi, ragon Dungas ne ke fara rasa daraja.

Ga mai awo da mai alƙalami

In aka jera waɗannan shekaru, daga 1914 zuwa 2024, abu guda ke fitowa fili. Saukar ruwa ba a hannun kowa yake ba sai Allah. Amma tsakanin gazawar damana da mutuwar yaro akwai watanni bakwai ko takwas, kuma abin da ke faruwa cikinsu aikin mutane ne: ko akwai ajiya, ko hanya a buɗe take, ko tiya na sayuwa, ko an faɗi gaskiya da wuri.

Ɗan kasuwa na da haƙƙin cin riba, kuma ba don kamyonsa ba da garuruwa da yawa ba su ga ƙwaya ba a shekarar wahala. Amma wanda ke saye da kaka a wulaƙance, ya kulle mangaza har Yuli, ko ya ba da tiya guda da bazara a biya shi biyu da kaka, ya sani cewa manomin da ya sayar da gonarsa bana ba zai kawo masa wake baɗi ba. Akwai hanyar da kowa ke tsira, kamar jinginar amfanin gona, inda manomi ke ajiye buhunsa a mangazar ƙungiya ya karɓi rance, ya fanshe shi lokacin da farashi ya tashi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ma'aikaci kuma alƙalaminsa na iya ceto, yana iya kisa. Rahoton da aka ƙawata domin faranta wa na sama rai, jerin garuruwa masu giɓi da aka cusa wa siyasa, buhun farashi mai rahusa da ya ɓace tsakanin mangaza da ƙauye, bankin cimaka da aka buɗe da kiɗa aka bar shi ba lissafi, tarar da aka ci manomi a kan icen da ya rena da hannunsa: kowane ɗayansu ƙaramin fari ne da aka ƙulla cikin ofis. Tarihin rumbun tsimi ya nuna cewa ajiyar da talaka bai yarda da masu riƙe da makullinta ba, ba ta daɗewa. Tarihin 1974 kuma ya nuna inda hatsin taimako kan kai masu wasa da shi.

Manomin Magarya da Dungas ya yi nasa: ya mai da gawo gona, ya shiga fadama da rani, ya tura ɗansa nema. Fari zai sake zuwa, ambaliya ma haka, kuma talaka zai raɗa musu suna kamar yadda ya saba. Fatanmu kada sunan ya zama na wani daga cikinmu. Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar abin da ta bari.